Igiyar da Mama ta Bari a Kakuri

A wannan wata ne Mama ta cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Sunanta Saratu, amma tsofaffin Kakuri sun fi saninta da Mai Igiya. Kowace shekara idan ranar ta zagayo nakan je in share kabarinta, in yi addu'a, in hau mota in koma gidana a Gonin Gora zuciya sakayau. Bana ma haka na shirya yi, sai ƙanena Bulus ya ɓata mini shiri. Ya kira ni ya ce tsohon gidanmu na Kakuri ya gaji, bangon gabas ya tsage, gara a rushe a gina shaguna. Abu ɗaya ya rage, wato Baba Sule, tsohon da ke zaune a ɗakin ƙarshe tun kafin a haifi shi Bulus ɗin. Yana da 'ya a Tudun Wada, Binta, wadda ta daɗe tana roƙonsa ya koma wajenta.

"Yaya, ke ce babba," in ji Bulus. "Ki je ki lallaɓa shi ya tashi kafin damina."

Na ce to. Ban ga laifin maganar ba, kuma har yau ban ce Bulus mugu ne ba.

Da na sauka daga mota ban hau Keke mai ƙafa uku ba, na taka da ƙafa, don na daɗe ban kalli unguwar da kyau ba. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyarwa a firamare, na kuma san yaran yanzu. Idan ka ce musu an taɓa gudun jirgin sama a garin nan, kallonka za su yi kamar tsufa ya fara taɓa ka. A wajensu yaƙin basasa abu ne da ya faru can nesa. Da gaskiyarsu, kuma ba zan haɗa abin da muka gani da abin da mutanen can suka sha ba. Ko a gidanmu ɗaki biyu sun daɗe a rufe, tun da maƙwabtanmu Ibo suka tafi cikin tashin hankali ba su dawo ba. Namu rabon tsoro ne da jira. Ba zan iya ce muku sau nawa jirgin ya zo ba, shekarata bakwai a lokacin. Abin da na sani shi ne mun shiga rami sau da yawa, mun fito ba mu ga komai ba sai shirwa.

Alamun suna nan ga mai ido. A saman tankin ruwan masaƙar da Baba, mahaifinmu, ya yi aiki, wadda yanzu ciyawa ta cinye harabarta, har yau ana hango ƙahon jiniya ya yi tsatsa. A wani tsohon shago kusa da kasuwa, gilashin tagar sama baƙi ne ƙirin. Mai shagon na yanzu ya ce mini hayaƙi ne. Fenti ne. An sa kowa ya shafe tagarsa don kada haske ya fita, bayan yaƙi aka kankare na ƙasa, na sama hannu bai kai ba. Bayan makarantarmu akwai wani kwari mai lanƙwasa inda ruwa ke kwanciya da damina, ramin ɓuya ne da iyayenmu suka haƙa da diga da shebur. Gadar jirgin ƙasa kuwa tana nan a kan kogi yadda na san ta. Ita aka fi ji wa tsoro, ana cewa ita jirgin saman ke nema, har masu wanki suka ƙaurace wa gindinta na tsawon watanni.

Amma alamar da ta fi damuna tana cikin gidanmu. Zobban ƙarfe ne guda tara a jere a jikin bango, daga madafa har ɗakin ƙarshe.

A lokacin gidan haya ne, kuma duk mazan gidan masaƙa suke aiki. Baba ya zo daga ƙauyenmu na kudu, Malam Sule daga wajen Katsina, sauran daga nan da can. Wanda bai taɓa shiga ɗakin saƙa ba ba zai gane ƙarar injinan nan ba. Maza sukan toshe kunne da auduga, su yi magana da hannu, su dawo gida suna yi wa matansu ihu alhali hira suke. Masu aikin dare da rana suke barci, da audugarsu a kunne saboda hayaniyarmu da ƙarar turmi. Ko ganga ka buga a kansu ba su motsi.

Jiniyar masaƙa kuwa ita ce agogon Kakuri. Da ita ake tashi, da ita ake ɗora tukunya. Wanda ta riga shi isa ƙofa, an rufe ke nan, aikin ranar ya wuce shi. Da yaƙi ya zo sai aka sanar cewa ita ɗin za a riƙa busawa idan an hango jirgi: doguwar busa ta aiki ce, gajeru a jejjere na jirgi ne, kowa ya nufi rami. A bakin mai shela abin ya yi daɗin ji.

Ranar da aka fara busa ta jirgi, da hantsi ne, mata na daka. Mazan da ke farke ba wanda ya tsaya ƙidaya gajere ko dogo. Kowa ya suri hularsa da langar abincinsa ya zuba da gudu, yana tsammanin ya makara. Sabo turken wawa. Kafin ka ce me, rabin mazan Kakuri sun taru a gindin rufin kwano mafi girma a unguwar, wanda ko makahon matuƙi zai gani daga sama, suna dukan ƙofa a buɗe musu, na ciki kuma suna dukanta a bar su su fita. Baba na cikinsu, da takalmi ƙafa ɗaya. Masu barci kuwa ko juyi ba su yi ba. Allah ya taimaka, ranar jirgi bai zo ba.

Da Baba ya dawo yana ɗingishi, Mama ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Sai kuma ta share ido da bakin zane, ta ce: "Masu ji sun gudu wajen mutuwa, marasa ji sun kwanta suna jiranta. Wannan ba abin dariya ba ne."

Mama ba ta yi makaranta ba, amma ta san ba a fafe gora ranar tafiya. Ta sa Baba ya riƙa kwaso mata tarkacen zaren da ake zubarwa a masaƙa, ta kwana uku tana tufka. Ta taka har Makera ta sa maƙeri ya yi mata zobba, aka kafa su a bango. Doguwar igiya ta tashi daga ginshiƙin madafa ta bi ta cikin zobban, kowane ɗaki kuma reshe ya shiga ta taga. Duk namijin da zai kwanta da rana sai ya ɗaura bakin reshen a babban yatsan ƙafarsa. Idan an ja sau ɗaya, lokacin aiki ne ko abinci. Idan aka yi ta ja ba ƙaƙƙautawa, rami za ka nufa, kada ka kuskura ka kalli hanyar masaƙa. Maza suka yi ta tsiya, wai Saratu za ta ɗaure su kamar awakin kasuwa. Malam Sule, wanda kunnensa ya riga na kowa lalacewa, shi ya fara miƙa ƙafa. Bayan mako biyu gidaje uku a layinmu sun kwaikaya.

Akwai doka ɗaya da ta kafa wadda ba ta taɓa karyawa ba. Ba a barin igiya ba mai riƙo. Idan za ta kasuwa, ko coci, ko ma bayan gida, sai ta kira wata mata da sunanta, ta ɗora mata bakin igiyar a tafin hannu, ta ce, "Na ba ki." Sai waccan ta amsa, "Na karɓa." Idan ba ta ji amsar ba, ba ta ɗaga ƙafa. Mun sha makara coci saboda wannan, ina tsaye da takalmin Lahadi ina cika ina batsewa.

Sau ɗaya na ga jirgin da idona. Da rana ne tsaka. Jiniya ta yi gajeru, Mama ta kama ja, maza suka fito suna tsalle da ƙafa ɗaya suna kwance yatsa, muka duru cikin ramin ɓuya da ke bayan gidanmu. A wannan karon bayan jiniya ta yi shiru sai wani gunji ya biyo baya daga sama. Mama ta dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Babu Malam Sule. Ashe akuya ta cinye reshen igiyarsa a bakin taga. Bulus na goye a bayanta, bai fi wata takwas ba. Ta kwance shi ta danƙa mini, ta danna kaina ƙasa, ta haye bakin rami ta ruga cikin fili. Na ɗaga ido na ga abin, ɗan ƙarami can sama yana ƙyalli. Sai muka ji dum daga nesa, tsallaken kogi, ƙasa ta ɗan girgiza a ƙarƙashin gwiwata. Bulus na tsala ihu, ni ma ina yi. Can sai ga ta tana janye da Malam Sule ta wuyan hannu, yana tafe yana tambaya da ƙarfi ko ya makara ne.

Da yamma gidan ya cika da dariya, kowa na kwaikwayon tafiyarsa. Ni ban yi dariya ba. Abin da na riƙe shi ne uwata ta bar mu a rami ta tafi wajen wanda ba danginmu ba, ba ma addininmu ɗaya ba. Na girma da wannan ƙulli, ina jin kunyarsa amma bai kwance ba. Sai da na haifi ɗana na fari na faɗa mata. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce: "Ku na san inda kuke, Talatu. Shi ne ban sani ba."

Yaƙi ya ƙare, igiya ta koma ta shanya, zobba suka zauna a bango. Daga baya gidan ya dawo hannun Baba. Masaƙa ta yi ta tangal-tangal har ta rufe, mazan suka watse. Baba ya rasu, matar Malam Sule ta rasu, kunnensa ya toshe gaba ɗaya, mu kuma muka koma ce masa Baba Sule. Sai shekarun nan da garin ya rikice, maƙwabci ya ji tsoron maƙwabci, kowa ya nemi unguwar da masu addininsa suka fi yawa. 'Ya'yan Baba Sule suka zo da mota su ɗauke shi, ya ce shi ba inda za shi, nan ya binne ƙuruciyarsa. Mama ta haura sittin a lokacin. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Ta sayo igiya, ta hau kujera ta sake zura ta cikin zobban, reshe ɗaya tak, zuwa ɗakin ƙarshe. Ta nuna masa da hannu cewa dokar tana nan yadda take. Allah ya kiyaye, ba a kai ga ja ba ƙaƙƙautawa ba. Amma daga ranar har ta kwanta ciwon ajali, kowace safiya takan ja sau ɗaya, ya fito da kofinsa ya karɓi koko.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Bulus. Kwana biyu kafin ta rasu, a gadon asibiti, ta kama hannuna ta buɗe tafin, ta ɗora nata a kai, ta ce, "Talatu, na ba ki." Na san abin da take nufi sarai. Na tuna gidana a Gonin Gora, da jikokina, da gwiwata mai ciwo, wataƙila har da yarinyar nan da ke tsugune a rami. Sai na juya ina gyara mata matashin kai. Ta jira, ta jira, har barci ya ɗauke ta. Ban amsa ba.

Ina tafe a layinmu ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga Kakuri ta yau. Katanga ta yi tsawo, an jera fasassun kwalabe a kanta. Za ta ji daɗin ganin 'yan mata na ɗinki da sayar da kaya a shagunansu, don ita ba ta son zaman banza. Wayar hannu kuwa na san za ta burge ta, yadda labarin hatsari ke zagaye unguwa kafin ka haɗiye loma. Amma na san tambayar da za ta biyo baya, hannu a ƙugu: to shi wanda ba ya ji, ba ya karanta saƙo, wa ke tashinsa?

Na tarar da gidan ya fi yadda Bulus ya faɗa tsufa. A madafar Mama wata 'yar haya ce, Rahila, ke suyar doya. Zobba biyu sun faɗi, saura bakwai. Igiyar ta ruɓe tun daga madafa, ba abin da ya rage a ginshiƙi sai ɗan ƙulli. Amma daga zobe na huɗu zuwa tagar ƙarshe igiya ce mai ƙwari, an yi mata ƙari nan da can da tsumma. Bakinta na reto a iska, ba ta kai ko'ina ba. Rahila ta ce ita ta ɗauka ta shanyar tsoho ce.

Na leƙa ɗakin. Ya idar da azahar ya kishingiɗa a tabarma, ya rame, gemu fari fat. A babban yatsan ƙafarsa na dama ga igiya a ɗaure.

Na taɓa kafaɗarsa ya farka. Ya daɗe yana kallona kafin ya washe baki. Muka gaisa da 'yar maganar hannu ta masaƙa da na tsinta a wajen Baba. Sannan na nuna yatsan, na buɗe tafin hannu alamar tambaya.

"Uwarki ta ce kada in kwanta ban ɗaura ba," ya faɗa da muryar nan tasa da ake ji har bakin titi.

Na nuna masa ƙasa, na nuna sama, wai ai ta tafi.

"Na sani mana, ai da ni aka raka ta. Amma Saratu ko kasuwa ba ta zuwa ba ta ba wani ba, balle wannan tafiya. Na san ta ba wani. Da na ga koko ya tsaya, na ce mai riƙon na yanzu ba ya dama koko ne." Ya yi dariya. "Tunda ba a ja ba, ai lafiya ce."

Shekara goma sha biyu yana barci da kwanciyar hankali a kan amanar da ni na ƙi karɓa. Idonsa bai kai ya ga inda igiyar ta katse ba, ko kuma ya gani ya ƙi yarda, ban sani ba. Ban isar da saƙon Bulus ba. Na fita na zauna a kan turmin Rahila na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza, ita kuma ta rage wuta ta ba ni wuri.

Da na natsu na kira Bulus. Na ce ya gyara bangon gabas, ya gina shagunansa ta gaba, amma bangon zobba da ɗakin ƙarshe ba mai taɓa su muddin tsohon nan na numfashi. Ya yi gunaguni, ya ce tsoho zai fi samun kula a wajen 'yarsa. Wataƙila da gaskiyarsa. Shi ya sa na sa Binta ta zo muka sake tambayarsa tare, ya dube mu kamar mun ce ya koma makarantar allo, ya ce a'a. Bulus ya ce, "To Yaya, igiya dai ba ta kai Gonin Gora." Nan ma da gaskiyarsa, zumunta a ƙafa take. Na share ɗakin Mama, na kawo katifa. Kwana uku a mako ina Kakuri yanzu. Ranar da zan koma sai in kira Rahila in ɗora mata bakin igiya a hannu. Da farko dariya take yi, yanzu idan na manta ita ke tsayar da ni a bakin ƙofa.

Igiyar roba na samu a kasuwa, shuɗiya, wadda na san Mama za ta yatsina wa fuska. Na sa aka mayar da zobban nan biyu. Washegari na dama koko, na tsaya a gindin ginshiƙi, na ja sau ɗaya. Shiru. Har na fara tsorata, sai ƙofa ta buɗe, ya fito a hankali da kofinsa. Ya bi igiyar da ido har zuwa hannuna.

"Ashe ke ce," ya ce. "Kin makara, Talatu. Da masaƙa ce, da tuni an rufe miki ƙofa."

Mama ba ta bar gona ba, ba ta bar gwal ba, hotonta ma guda biyu ne kuma a duka ta ɗaure fuska. Ƙahon jiniya zai faɗo wata rana, za a cike kwarin bayan makaranta, mai shago zai canja gilashinsa. Zobban ma ba za su daɗe bayan Baba Sule ba, na san Bulus. Abin da ya rage nata shi ne wannan ɗabi'a ta duba wanda ba ya cikin rami, da ƙin ɗaga ƙafa sai an amsa. Shi kuwa ba ya zama a bango, sai a hannun mai rai.

Ranar da ta cika shekara goma sha biyun na je kabarinta kamar kullum. Na share, na cire ciyawa, na yi addu'a Allah ya ƙara mata hutawa. Da zan tafi sai na durƙusa, duk da gwiwar, na ɗora tafin hannuna a kan ƙasar, na ba ta amsar da ta yi barci tana jira.

Na karɓa, Mama.